Motar da Inna Yalwa Ta Ƙi Fita

Kowa a Badafi ya san Ɗayyabu ba kanwar lasa ba ne a wajen ciniki. Shekara ashirin yana turke shanu yana kaiwa kasuwa, kuma yana da wata ƙa'ida da yake koya wa kowa, har wanda bai tambaye shi ba: bijimin da kake so, kada ka kalle shi sau biyu. Ka taya na kusa da shi, ka taɓe baki, ka juya kamar za ka tafi. Idan mai kaya ya gane inda zuciyarka ta faɗa, to, ka gama yawo.

Ya daɗe da niyyar sayen mota, ga shi ya sayar da bijimai huɗu da masarar da ya ajiye tun kaka. Amma abin da ya tashe shi tsaye saƙo ne daga Burumburum. Yafendo Rabi, ƙanwar mahaifiyarsa, ta sa an bugo waya. Yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya kama hanya. Ta ce a gaya wa Yaya Yalwa, in tana so a gan ta to ta zo yanzu, in kuwa ta bari sai bayan damina, sai dai a shafa fuskarta da hannu.

Shekara shida rabon da tsofaffin nan su haɗu. Gwiwoyin mahaifiyarsa, Inna Yalwa, sun daina hawa babur. Motar haya kuwa, tun ranar da aka cusa su huɗu a baya aka ɗora mata buhun albasa a ƙafa ta yi wata guda a kwance, ta rantse ita da ita har abada. Ɗayyabu ya kawo zancen ɗaukar shatar mota, ta ce, "In zauna da 'yar'uwata wani ƙato yana danna min hon a ƙofar gida? Allah ya kiyaye." Daga nan ta yi shiru, ta daina cin tuwon kirki. Shirun nan ya fi komai damunsa, don Inna ba mai shiru ba ce.

Kafin ya fita neman mota sai da ya yanki kara biyu. Na farko ya auna shi da tudun da tayoyin manyan motoci suka bari a tsakiyar hanyar garinsu, daidai wajen rafi, inda ƙananan motoci suke barin bututun hayaƙinsu. Na biyu ya auna shi da gadon Inna, wanda take hawa ta sauka ba tare da an kama ta ba. Ya ɗaure su a babur, ya goya abokinsa Mujitaba makanike, suka nufi Kwanar Dangora, inda wani Alhaji Sagir yake da filin sayar da motoci.

Alhaji Sagir gajere ne mai tumbi da fara'a, bakinsa kamar an shafa zuma. Da ya ga baƙo ya durƙusa yana zura kara a ƙarƙashin mota, sai ya dubi Mujitaba ya ce, "Malam, mota kuka zo saya ko maciji ya shige?"

"Bar shi, Alhaji," in ji Mujitaba. "Shi da kara yake karatu."

Wata 'yar ƙarama ja, kyakkyawa, kara ya ƙi shiga ƙarƙashinta, nan take ta faɗi. Wata babbar jif kuwa karan hanya ya shige har yana rawa, amma kujerarta ta fi gadon Inna da kusan taƙi biyu, ga shi Mujitaba ya raɗa masa cewa shan manta sai mai gidan mai. Sai can gefe ga wata matsakaiciya mai ƙofa huɗu, ruwan toka, 'yar Kwatano. Karan hanya ya shige da ɗan sarari. Ya buɗe ƙofar baya, ta buɗu wangam, ya tsayar da karan gado, kujera ta zo daidai kamar tare aka yi su. But ɗinta zai ci buhu uku. Mujitaba ya tayar da inji, ya kasa kunne, ya leƙa ƙasa ko akwai ɗigon mai, ya bi fenti da yatsa, sannan ya sosa kunnen hagu. Alamarsu ke nan tun daga gida cewa kaya ya yi.

Zuciyar Ɗayyabu ta yi tsalle, amma ya haɗe rai ya koma wajen jif yana shafa ta.

"Wannan nawa?"

Aka faɗa masa. Ya girgiza kai. Ya tambayi ja, ya kushe ta. Can kamar wanda ya tuna wani abu maras muhimmanci, ya nuna mai ruwan toka da haɓa. "Waccan tsohuwar fa?"

"Tsohuwa? Ranka ya daɗe, wata baturiya ce ta hau ta, daga gida sai asibiti. Miliyan bakwai da rabi."

"Kowace mota a ƙasar nan baturiyar nan ce ta hau ta. Allah ya ba ta lafiya. Biyar."

"Albarka!"

Abin da ke hannun Ɗayyabu shida ne da ɗan abin da ba a rasa ba. Suka ja, suka ja, Alhaji ya sauko bakwai ya kafe. Ɗayyabu ya ce shi ba ya sayen abin da bai ga tafiyarsa a hanyar garinsu ba. Alhaji ya ce ai wannan mai sauƙi ne, ya ɗauko makulli. Mujitaba ya biyo su a babur.

Motar ta haye tudun rafi ko gezau. Ɗayyabu dai sai tsaki yake, yana cewa ya ji wani ƙara a baya. Dabararsa ita ce su tsaya a bayan gida, ya fito da Inna a ɓoye ta gwada shiga, ta koma, shi kuma ya ce motar ba ta yi masa ba, a koma fili a ci gaba da ja.

Kash! Ya manta da garinsu. A Badafi ba a taɓa kawo mota ƙofar gida don gwaji ba. In aka ga mota da mai gida a gaba, to an saya ke nan.

Tun kafin a kashe inji matarsa Bushira ta leƙo ta katanga, ta rangaɗa guɗa. Maƙwabta suka fito. Ɗayyabu yana ɗaga hannu yana cewa, "Ku tsaya, ba a..." amma wa zai ji shi? Wannan ya rungume shi, wancan yana "Allah ya sanya alheri, Allah ya sa a kashe lafiya!" Kafin ka ce kwabo an kirawo liman, Malam Abdulmumin, ya dafa kan motar ya ɗaga hannu. To, wa ya isa ya katse addu'a? Har Alhaji Sagir sai da ya shafa fatiha. Bushira ta fito da dabino a faranti tana rabawa.

Ana cikin haka jama'a suka dare. Ga Inna Yalwa tafe da sandarta, ta yafa mayafin da take zuwa idi da shi. Ba ta kalli kowa ba. Ta yi bismillah, ta juya baya, ta zauna a kujerar, ta ja ƙafa ɗaya, ta ja ɗaya. Babu wanda ya kama ta. Ta jingina ta lumshe ido.

"Kai, madalla. Wannan ai ta fi gadona daɗi. Ɗayyabu, Allah ya yi maka albarka. Ko nawa ka saya ba ka yi asara ba."

Ko nawa! A kunnen dillali! Ɗayyabu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya saci kallon Alhaji Sagir, ya ga murmushi har kunne. Ya sunkuya ta taga ya yi ƙasa da murya.

"Inna, don Allah ki ɗan fito. Ba a gama ciniki ba."

"Ba a gama ba aka yi addu'a?"

"Kuskure aka yi, Inna."

"To, ni dai na shiga. Ba inda zan sauka sai ƙofar gidan Rabi."

Ya san muryar nan tun yana yaro, ba ta da ɗaukaka ƙara. Gumi ya karyo masa. Kuɗinsa ba su kai bakwai ba, in kuma aka mayar da motar bayan guɗa da fatiha, da wane ido zai shiga masallaci? Wannan ma duk mai sauƙi ne. Yaya zai ce wa tsohuwar nan ta fito, alhali can wata tana jira da rabin ido?

Inna ta leƙo. "Wane ne mai motar?"

Alhaji Sagir ya matso ya rusuna. "Ni ne, Inna. Ina wuni?"

"Lafiya lau, ɗana. Mahaifiyarka tana da rai?"

"Tana nan a Bebeji, Inna."

"Allah ya ƙara mata lafiya. To zo nan. Ni shekara arba'in ina sayar da man gyaɗa, ban san ja-in-ja na maza ba. Ga liman, ga jama'a. Ka faɗi uwar kuɗinka tsakaninka da Allah, a ɗora maka riba ta halak, kowa ya tafi da farin ciki."

A nan ne Ɗayyabu ya lura da abin da bai lura da shi ba: ashe ba shi kaɗai ne a cikin tarko ba. Murmushin Alhaji ya fara ragewa. Ya dubi liman, ya dubi jama'a sun yi masa zobe, ya dubi dabinon da ke hannunsa wanda ya riga ya gatsa. Ƙarya a fili tsakanin maza biyu ciniki ne. Amma a ce tsakaninka da Allah, a gaban liman, ga tsohuwa da carbi? In kuma ya ƙi, shi ne zai fitar da ita daga motar da hannunsa, labari ya riga shi isa Bebeji.

Ya tura hula gaba, ya sosa ƙeya, sai ya fashe da dariya har tumbinsa na rawa.

"Wallahi Inna kin kama ni. Biyar da ɗari bakwai ta zo min, har da kuɗin hanya."

"To a cika maka shida. Malam, ya yi?"

"Ya yi, riba ce mai albarka," in ji liman.

"Na sallama," in ji Alhaji Sagir. Ya miƙa wa Ɗayyabu hannu. "Kai kuma, mai kara, gobe in za ka kasuwar shanu ka tafi da Inna."

Jama'a suka kwashe da dariya, Bushira ta sake guɗa, wannan karon da dalili. Ɗayyabu ya tura kuɗi ta waya cike da murna. Alhaji ya ce takardu suna cikin mota, canjin suna sai ya zo fili. Har ya juya zai hau babur ɗin da Mujitaba zai mayar da shi, sai Inna ta ƙwanƙwasa gilashi da sanda.

"Ɗana, ina ƙari?"

"Ƙarin me, Inna?"

"Yo ko gyaɗar naira ɗari ka saya ai a ɗan ƙara maka a kai. Balle wannan uban kaya?"

Alhaji ya riƙe baki. "La ilaha illallahu! Shekara goma sha biyar ina sayar da mota, yau aka fara tambayata ƙari." Ya ce su biyo ta Kwanar Dangora, tun da hanyarsu ce, zai cika musu tanki ya kuma sauya musu tayar safaya da sabuwa. Inna ta ce Allah ya yi masa albarka, ya gaishe da tsohuwarsa.

Ba ta fito ɗin ba kuwa. A cikin motar aka kawo mata fura. Bushira ta zuba daddawa da kuka da kwalbar man shanu a but, suka kama hanya bayan azahar. Ɗayyabu, wanda ya koyi tuƙi a motar ɗaukar rake tun yana saurayi, ya riƙa lallaɓa ta kamar mai ɗauke da ƙwai. Bakin Inna ya dawo. Tun daga Kwanar Dangora har suka wuce Tudun Wada tana nuna masa inda da can daji ne, tana faɗan mutane sun sare itatuwa, tana faɗan yana gudu, in ya rage kuma ta ce ko jaki ya fi shi sauri. Shi dai dariya kawai yake, daɗi ya cika shi.

Can suka shiga Burumburum. Ya hango ta a madubi tana gyara mayafi, tana jan carbi da sauri. Tsoro ne ya kama ta, shi ma ya kama shi, kada a ce sun makara.

Yafendo Rabi ta fito zaure tana dafa bango. Ta rame, ido ɗaya fari fat. Inna ta sauko da kanta ta tsaya a gabanta. Yafendo ta matso har hancinsu ya kusa haɗuwa, ta karkata kai, ta ƙanƙance idon da ya rage. Ta daɗe a haka. Ɗayyabu ya riƙe numfashi.

"Yaya Yalwa," in ji ta a hankali, "ina haƙoranki na gaba suka tafi?"

Inna ta saki sanda, sandar ta faɗi ƙasa.

"Ta gani! Ɗayyabu, ka ji marar kunya, ta gan ni!"

Suka rungume juna suna kuka suna dariya, kowace tana cewa ɗayar ce ta fi tsufa. Ɗayyabu ya juya ya buɗe but yana sauke kaya, don kada matan gidan su ga hawayensa.