Lamba Biyar a Wajen Iyakar Harami

Shekara biyu ina sa lamba biyar kafin Tine Ravnholt ta zo. Ranar da ta iso, kociyarmu Kaftin Nuha ta ja ni gefe ta ce, "Arwa, lambar nan ita take sawa tun tana yarinya. Ki karɓi ashirin da uku." Na ninke rigar na miƙa mata. Ban tambayi dalili ba, ban kuma bari ta ga idona ba.

Tine 'yar ƙasar Denmak ce, 'yar baya irina. Kafin ta sauka daga mota duk 'yan kulob ɗinmu sun haddace tarihinta a waya. Ta fara a kulob ɗin wani ƙaramin gari na masunta, ta tafi Siwidin, ta tafi Italiya, ta yi shekaru tana tsare wa tawagar ƙasarta baya. Ta zo mana da shekara talatin da huɗu da tabon aiki a gwiwar hagu. Ba zan yi mata ƙarya ba, ta iya. Ba ta gudu sosai, amma duk inda ƙwallo za ta faɗi a can za ka tarar da ita, tana ihu da yarenta kamar mai korar awaki.

Filinmu yana wajen iyakar Harami, a kan tsohuwar hanyar Jidda, domin wanda ba Musulmi ba ba ya shiga Makka. Tine a otal take kwana a Jidda, direba ya kawo ta, ya mai da ita. Sunan garinmu yana rubuce a ƙirjin rigarta, amma ko hasumiyar agogo ba ta taɓa gani ba sai a hoto.

Ni kuwa daga unguwar Hindawiyya, cikin Makka, nake zuwa. Da safe ina koyar da Turanci a makarantar 'yan mata, da la'asar yayana Idris ya ɗauke ni a tasinsa. Umma ba ta yarda in hau motar baƙon direba a wannan hanyar ba, don haka in Idris ya ƙi, ƙwallo ta ƙare. Matan layinmu sun daɗe suna jiran ranar. "Ta gama jami'a, ta koma bin ƙwallo kamar ɗan titi." Ina jin su in na wuce da jakata. Nakan gaishe su da kyau, in gyara jakar yadda takalman za su leƙo.

Daga zuwan Tine na koma benci. Wasa bayan wasa ina zaune a ƙarshensa, kusa da akwatin ƙanƙara. Sauran 'yan benci suna hira, suna ɗaukar hoto. Ni nakan ɗaure takalmina tam, kamar yanzu za a kira ni, in zauna haka har alƙaliyar wasa ta hura tashi. Sannan in kwance, in sa a jaka ba ƙura ko ɗaya.

Ba ni da ƙawa a kulob ɗin, kuma na san ranar da hakan ya fara. A soron gidanmu na koyi ƙwallo, da Idris da yaran maƙwabta, kuma duk ihunmu da Hausa ne. Larabci na makaranta ne da kasuwa. In jini ya hau, Hausa ce ke fitowa. A wasana na farko na ƙwala wa mai tsaron gida, "Fito ki kama, ke!" Shaima, mai buga mana gaba, ta kwaikwayi muryata a ɗakin canja kaya har wasu suka riƙe ciki. Ta ce, "Ya takruniyya, nan ba kasuwar tsire ba ce." Takruniyya, wato baƙuwa baƙar fata. A Makka aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, kakana ne ya zo aikin hajji ya zauna. Ban gaya mata wannan ba. Na dai rantse ba za su sake jin muryata a fili ba, kuma na cika.

Da kakar wasa ta kusa ƙarewa, Idris ya kashe rediyo a hanya.

"Arwa, la'asar ce lokacin fasinja. Ina barin masu umara a bakin titi don in kawo ki ki ɗumama katako."

"Ba katako ba ne, Yaya, roba ce."

"To ki ɗumama roba. In aka tashi kakar nan ban ga ƙafarki a fili ba, khalas. Na gama."

Na ce na ji. Wasa uku suka rage.

Umma ce ta jawo Tine cikin hira, ba ni ba. Ta ga hotonta a wayar Idris, ta tambayi mijinta. Na ce ba ta da shi. Uwarta fa? Tana can ƙasarsu. To da wa take cin abinci?

"Ina na sani, Umma? Da cokali."

"Ki kawo ta gida ran Juma'a."

"Ba ta shiga Makka. Ba Musulma ba ce."

Umma ta ajiye tsintsiya. Duk zatonta wadda ta ƙetare duniya ta zo nan, ta sa sunan garin nan a ƙirji, ai Ka'aba ce ta kira ta. Tun tana amarya take ciyar da baƙi, daga Kano, daga Maraɗi, daga Anjamena, kuma ba a taɓa samun baƙon da ƙofarta ba ta isa ta shigar ba.

"Matar nan ita ta ɗauke min wuri," na ce.

"Wurin naki daban, cikinta daban. In ba za ta zo ba, mu za mu je."

Haka ran Juma'a bayan atisaye na fito na tarar Idris ya faka a gefen hanya, ɗan nesa da allon da ke nuna wa waɗanda ba Musulmi ba inda za su karkata. Umma ta shimfiɗa tabarma a inuwar mota, ta jera kuloli: tuwon shinkafa, miyar kuka, tsire da yaji. Manyan motoci suna wucewa suna kaɗa gefen tabarmar. Bas ɗin 'yan kulob ya wuce mu, na ga fuskoki a taga. Na miƙe wuyana na bar su su kalla.

Ni na je na kira Tine, ni kuma na zama tafinta. Ta tsaya a bakin tabarma da takalmi, sai da na nuna mata ta cire. Gwiwar ba ta lanƙwasuwa, ta zauna da ƙafa ɗaya a miƙe.

"Ki ce mata ta ci, ta rame," in ji Umma. "Wannan tsawo haka ba nama."

Na faɗa. Tine ta yi dariya, karo na farko da na ga haƙoranta. Ta kai lomar tsire, yaji ya kama ta, hawaye ya zubo, ta ci gaba da ci.

"Tun da na zo ƙasar nan," ta ce, "ban ci abinci da wani ba sai da talabijin."

Ban fassara wannan ba. Umma ta ce, "Me ta ce?" Na ce ta ce da daɗi.

Da Umma ta koma mota yin sallar magariba a gefe, Idris ya bi ta da butar ruwa, Tine ta dube ni.

"Ke ce mai ɗaure takalmi a benci."

"Ni ce mai lamba biyar."

Ta gyaɗa kai. Ta ce babbar gasar da ƙasarta ta je a zamaninta, an tafi da ita, an dawo da ita, ko minti ɗaya ba ta buga ba. Mahaifinta ya rufe shagonsa ya bi su har can, yana zaune a cikin 'yan kallo da tuta a kumatu, yana kallon bayan kanta. Bayan gasar ne aka fara sa ta, kuma ya rasu bai kai ga ganin wasanta na farko ba.

"Ban nemi tausayi ba," na ce.

"Ban kawo ba. Kin fi ni gudu, kin fi ni tsalle. Kociya ta tambaye ni ko za mu iya tsayawa tare, na ce a'a."

"Saboda me?"

"Ba kya magana. 'Yar baya ita ke ganin fili gaba ɗaya. Kina ganin komai, kina riƙewa a ciki kamar kuɗinki. Ni ba zan tsaya kusa da kabari ba."

"In na yi ihu, ba Larabci ke fitowa ba. Dariya suke yi."

"Ni da wane yare nake ihu? Akwai mai ji a cikinsu?" Ta suɗe yatsa. "A Italiya shekara guda suna kwaikwayona. Suna dariya suna matsawa inda na ce."

Na hau tattara kwanuka. Umma ta dawo ta cika kula ɗaya da sauran tuwo ta tura mata, ta raka ta har ƙofar motarta, tana ta yi mata addu'a da Hausa. Sannan motar Tine ta yi hanyar Jidda, tamu ta wuce ƙarƙashin allon.

Wasa na gaba ban buga ba. Na bayansa ma haka. A atisaye na buɗe baki sau da yawa, in na hango Shaima sai in rufe. Idris ya daina yi min tsiya a mota, abin da ya fi tsiyar ciwo.

Wasan ƙarshe a filinmu aka yi, da wani kulob na Jidda. In mun yi canjaras mun tsira a rukuninmu. Idris ya shigo ya zauna a sama, yana karkaɗa makullin mota a yatsa. An dawo hutun rabin lokaci ba ci, sai Tine ta tashi sama ta kai wa ƙwallo kai, ta sauka a kan ƙafar hagu. Ba ta yi kuka ba. Ta dai zauna a ciyawa ta ɗaga hannu.

"Arwa!" in ji Kaftin Nuha. "Yalla, ɗaura takalmi."

"A ɗaure yake."

Na wuce Tine a bakin layi, mutum biyu na riƙe da ita. Ba ta dube ni ba. Gwiwarta take kallo.

Mintunan farko na buga su shiru, yadda na saba. Na tare ɗaya, na fitar da ɗaya. Sai na ga abin da ba wanda ya gani: 'yar bayanmu ta dama ta bi ƙwallo ta bar rami, mai lamba tara tasu tana lallaɓawa ta bayanta, mai ba da ƙwallo ta riga ta ɗaga kai. Nisa ya yi min yawa. Ko na fi kowa gudu ba zan kai ba.

"Ke! Bayanki! Koma, koma!"

Filin ba mutane da yawa, muryata ta buga a bango ta dawo. Yarinyar ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, amma ta waiwaya, ta koma, ta sa ƙafa. Ƙwallo ta fita kwana.

Na ji wata ta yi dariya. Da muka taru don tare kwanar, Shaima ta zo wucewa ta ce, "Kasuwa ta buɗe."

"Ta buɗe," na ce da Larabci. Sannan da Hausa, da ƙarfi, ina nuna mata da hannu, "Tsaya jikin ƙarfen can, kar ki motsa!"

Ta harare ni. Ta je ta tsaya. A goshinta ƙwallon ta bugu.

Daga nan ban sake rufe baki ba. Ku fito, ku matso, bar mata, tawa ce. Na zagi mai tsaron gida, na zagi kaina. Kafin a tashi muryata ta dushe, gwiwata ta goge, rigar ashirin da uku ta yi kore da ciyawa. Aka tashi ba ci. Suka rungumi juna a tsakiyar fili, ni na tsaya a inda nake ina maida numfashi. Ba wadda ta zo, ban kuma je ba. Na duba benci, an riga an tafi da Tine asibiti.

A mota, da muka wuce allon, Idris ya kalle ni.

"Tun daga sama nake jin ki. Kamar Umma in an bar mata ƙofa a buɗe."

"To?"

"To me? Yaushe za a fara sabuwar kaka? In sani, don in gaya wa fasinjojina su nemi wani."

Tine ba ta sake bugawa ba. Daga asibiti ta wuce ƙasarsu, ba mu yi sallama ba. Na gani a waya cewa ta ajiye takalmi, an jera sunayen kulob-kulob ɗin da ta yi wa wasa, namu a can ƙarshe, an ma rubuta shi ba daidai ba. Umma ta yi kwanaki tana mita. "Baƙuwa ta tafi ba rakiya. Kuma da kulata."

Sai ga direbanta ya kawo kular har filin atisaye. Na buɗe a gida. Tine ta cika ta da wata baƙar alewa ta ƙasarsu. Idris ya jefa ɗaya a baki ya tofar a tafin hannu.

"Gishiri! Wallahi taya ce aka jiƙa a gishiri."

Umma ta tauna tata a hankali, fuskarta a yamutse, ta haɗiye. "Ta dai san ba a mai da kwano haka nan," ta ce. "Uwarta ta yi tarbiyya."

Kaftin Nuha ta tambaye ni ko ina son lamba biyar. Na ce ta ba wata. Har yanzu ni kaɗai nake zama a ɗakin canja kaya, a kusurwar da ke kusa da ƙofa. Kafin in fita fili nakan jefa alewar nan ɗaya a baki. Ba daɗi, amma tana buɗe maƙogwaro.