Kifin Gyara

Duk Birni an san cewa Kaltuma 'yar Ya Gana, mai gwajin jini a labo, tana kiwon kifin teku a ɗakinta, kuma duk Birni an yarda wannan ba aikin mai cikakken hankali ba ne. A Damagaram fa, inda famfo kan yi kwana uku bai yi ko tari ba, a ce mace ta tace ruwa, ta auna masa gishirin da ake aiko mata daga Yamai, ta zuba wa kifin da ba za a ci ba! Akwatin gilashi ne mai lita sittin, da duwatsu a ciki, da kifi guda ɗaya tal, mai launin lemo da ratsin fari uku. Ta sa masa suna Alhaji saboda yadda yake rangaji kamar mai babbar riga. Shekara huɗu tana riƙe da ransa. In zafi ya taso, ƙanƙara take ɗaurewa a leda ta saka a saman ruwan. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, ta gwammace ta zauna ba fanka ta bar wa injin ruwan batiri. Masu dariya sun yi har sun gaji, Alhaji yana nan.

Sai gansakuka ta kama duwatsun. Ta kankare yau, jibi ta dawo kore shar, har ta fara rufe gilashin. Maganinta wani ɗan kifi ne da mai shagon kifi na Yamai ke kira bileni, mummuna, mai fuskar kwaɗo, ba ya ma son iyo, sai dai ya zauna kan dutse ya yi ta kiwo. To amma bileni iri-iri ne. Wani yakan girma ya fi ƙarfin ƙaramin akwati, wani ya yi tsalle ya faɗo waje, wani kuma mafaɗaci ne na ƙin ƙarawa. Sati uku Kaltuma ta yi tana duba hotuna a waya tana tambaya, har mai shagon ya fara jan ƙafa wajen ɗaukar kiranta. Daga ƙarshe ta tsayar da wani ɗan ƙarami, bai kai yatsa ba, mai ɗigon baƙi a gindin wutsiya, wanda ba ruwansa da kowa.

Saura mai ɗaukowa. Yayanta Sha'ibu, mai sayar da atamfa, zai je Yamai sari. Sha'ibu mutumin kirki ne, in dai kana iya zama da wanda ya fi kowa sanin komai. Ko albasa ya saya sai an yi masa gyara. An taɓa ganinsa ya tsaya rabin awa gaban mai balangu a kan tsoka ɗaya, kuma sai da ya same ta.

"Yaya, guda ɗaya," in ji Kaltuma. "Wanda ke cikin hoton nan. Ko kyauta aka ba ka wani, kar ka karɓa."

"Na ji. Ni da nake ɗauko bandir ɗari daga Yamai, ɗan tarwaɗa ne zai gagare ni?"

"Ba tarwaɗa ba ne."

"Duk kifi ne."

Ranar Laraba kar ɗinsu, motar Yamai, ta iso bayan Kaltuma ta riga ta tafi aiki. A waya ta koya masa yadda zai ajiye ledar a saman ruwan, ya riƙa ƙara mata ruwan akwatin kofi-kofi har awa guda kafin ya saki. A yi masa adalci, ya yi yadda ta ce, bai tsallake ko kofi ɗaya ba.

Da azahar ta dawo. Ta tarar da shi a tsakar gida yana shan fura, yana murmushin wanda ya yi abin a yaba masa, Ya Gana kuma tana tsince shinkafa a faifai. Ta gaishe su a gurguje ta shige ɗaki. Kullum in ta buɗe ƙofa Alhaji yakan taso gaban gilashi yana neman abinci. Yau bai taso ba. Can ta hango shi a lungu, ya karkace, gefen jikinsa duk tabo fari-fari inda aka fizge fata. Tana cikin kallo wani abu dogo siriri mai ratsin shuɗi ya fito daga ramin dutse, ya kai masa cizo, ya koma.

Ta san wannan kifin. Shi ne na farkon da ta soke a cikin sati ukun nan.

"Yaya!"

Ya shigo da ludayi a hannu. "Kin gan shi ko? Wancan naki ko ganinsa ba a yi, ya shige rami. Amma dubi wannan! Dubi launi!"

"Wa ya ce ka kawo shi?"

"Gyara ne. Ko dala ban ƙara ba."

"Na ce maka guda ɗaya!"

"Guda ɗaya na saya," in ji shi, har da ɗaga yatsa, kamar mai ba da fatawa. "Gyara ba saye ba ne."

Ta ɗauko wayarta. Ta kira mai shagon, ta buɗe murya yadda kowa zai ji, ta fara zazzaga masa. Wane irin mugu ne shi, da zai haɗa mata da kifi mai cizo alhali ya san akwatinta, ya san Alhaji, har hotonsa ta tura masa?

"Madam, tsaya, tsaya," in ji mai shagon. "Wallahi na gaya masa. Na ce wannan yana cizo, shi ya sa yake gilashi shi kaɗai. Sau uku na faɗa. Ya ce ba ya fita ba kado, sai an yi masa gyara. Na ce ga abincin kifi kado, ya ce a'a, wannan yake so. Mutane na jira, ya zauna min a kujera. Na zaci yana da wani akwatin daban."

Ta kashe wayar ta juyo. Ta zaci za ta ga kunya a fuskar yayanta. Ina! Dariya ma yake yi.

"Kaltuma, ke ba ki san kasuwa ba. Duk mai kaya in ya ce maka 'wannan ba shi da kyau, bar shi,' to shi ne mai kyan, ɓoyewa yake yi. Ni ma haka nake yi da atamfar da ba na son saki. Da na ga ya ware shi shi kaɗai, na ce yauwa, ga na gaske."

Wato ya ji. An gaya masa da Hausa, sau uku, ya ji, ya ɗauka ciniki ne. Ita ma da ta ce masa guda ɗaya, ashe ciniki ya ɗauka. Amma ba lokacin magana ba ne. Ta naɗe hannun riga, ta kawo bokiti, ta fara ciro duwatsun ɗaya bayan ɗaya, duwatsun da ta shekara huɗu ba ta motsa ba. Ruwan ya gurɓace. Mai ratsin shuɗin ya yi ta zille wa 'yar komarta, ya shiga nan ya fita can, Sha'ibu kuma yana tsaye a kanta yana cewa, "Ta hagu! A'a, tare shi ta can!" Da kyar ta kama shi. Ta ɗebi ruwan akwatin a bokiti ta jefa shi ciki.

Alhaji bai kai la'asar ba. Ta zauna a gabansa tana kallon bakinsa yana buɗewa yana rufewa, tun yana yi da sauri har ya koma jefi-jefi, har ya daina. Ta sa hannu ta ciro shi. Ko tafin hannunta bai cika ba. Ta yi kuka, kuma ba ta ɓoye ba.

Ya Gana ta leƙo. "Haba Kaltuma, sai ka ce mutum. Ki yi haƙuri, yayanki alheri ya nufa."

"Gaskiya ne," in ji Sha'ibu, muryarsa ta ɗan sauka. "Bari, wata mai zuwa zan koma. Zan sayo miki irinsa sak. In sa mai shagon ya ba ni biyu ma, tun da laifinsa ne."

Kaltuma ta miƙe a hankali. Shekararta talatin da huɗu, tun da ta iya magana ba ta taɓa kiran sunansa gatsal ba.

"Sha'ibu," ta ce.

Faifan Ya Gana ya tsaya cak.

"Ɗauki gyaranka ka fitar min da shi daga ɗaki."

"Ke! Ni kike..."

"Ka fi kowa iya karɓa. To riƙe."

Ta miƙa masa bokitin. Ya dubi uwarsu, uwar ta sunkuyar da kai kan shinkafarta. Ya karɓa. Babban mutum da shi, mai shago biyu, ya fita rungume da bokitin wanki, ruwa yana fantsalo masa a gaban riga. Ta ji takunsa har zaure, sai kuma shiru. A duk ƙasar Damagaram ba inda zai kai shi, ita ma ta sani, shi ma yanzu ya sani.

Can ya dawo ya tsaya a bakin ƙofarta, bai shigo ba. Ya yi gyaran murya.

"Kaltuma... shi wannan, me yake ci?"

Ba ta juyo ba. Tana naɗe Alhaji a cikin wani farin ƙyalle.

"Naman ɗan'uwansa," ta ce. Ta tura ƙofar da ƙafa.