Filastar Mama Celina

"Ina allurar?" Mama Celina ta tambaya, tana bin tiren da ido.

"Babu allura yau, Mama," in ji Hephzibah, nas ɗin da ke kula da ita. "Ta robar ƙarin ruwan da ke bayan hannunki zan ja jinin. Ko cizon sauro ba za ki ji ba."

Tsohuwar ta janye hannunta ta cusa cikin bargo.

Hephzibah ta haɗiye fushi. Wata takwas ta yi tana fama da shugabannin sashen kafin su yarda a sayo wannan siririn bututun da ke jan jini ta cikin robar ba tare da allura ba. Kullum amsarsu ɗaya: haka muka saba. Ga kaya sun iso, kuma wai 'yar cocinsu ta unguwar East Greensboro a nan ƙasar waje, ƙawar mahaifiyarta tun a Jos, ita ce za ta ƙi.

Kwana biyar a gadon nan, an soki Mama sau goma sha huɗu. Hannun dama duk ya yi baƙi. Jijiya ɗaya mai kyau ta rage a hagu, likita kuma ya ce a bar ta saboda wankin ƙoda.

"Mama, in na soki wannan ta lalace, ta ina za a wanke miki ƙoda?"

"Ke 'yar nan, ni za ki koya wa asibiti? A gida, in ba a soke ka ba, ba a duba ka ba. Sun ga tsohuwa, shi ne za su sallame ni da wasan yara. Anjima matan zumuntar coci za su zo, su ga hannu ko filasta babu. Su ce hutu na zo?"

Hephzibah ta tsaya cak. Ashe nan gizo ke saƙar. Ta miƙa hannu kawai.

"Ba ni. In jini bai fito ba, da kaina zan ɗauko allura mafi girma a sashen nan."

Ta goge bakin robar, ta haɗa bututun, ta tura a hankali. Kwalba ta cika, ta biyu ta cika. Mama ta ƙura musu ido.

"Jinina ne wannan?"

"Na wa kuma?"

Hephzibah ta yago auduga da filasta, ta manna a kan jijiyar hagu da ba a taɓa ba. Ta rubuta a kai da Turanci, da manyan baƙaƙe, abin da ke nufin: KADA A SOKA.

Mama Celina ta ɗaga hannun, ta jujjuya shi.

"Ƙara ɗaya," ta ce. "Babba."