Hannun da Inna Hadduja ta Riƙe

"Ku buɗe min hanyar nan, ko in zauna a nan motarku ta bi ta kaina!"

Galiya ce ta kama ƙarfen da ya gitta ƙofar sansanin jiragen sama da hannu biyu, ga rana tsaka, mayafinta ya zame bai dame ta ba. Masu gadi suka rasa yadda za su yi da dattijuwa, suka kirawo shugabansu. Milad ne, ɗan Faraj mai gidan burodi. Ya tara gemu, ya sa kaki, alhali ba wanda ya taɓa ɗaukarsa aikin soja.

"Goggo Galiya, don Allah rage murya."

"Ba zan rage ba. Inna Hadduja na can rai a hannun Allah, likita ya ce a kira nata. Nata kuwa mutum ɗaya ne, kun kulle shi a rumfar can. Fito min da Miftah ya ga uwarsa, in ya so ku mayar da abinku."

"Ba a hannuna yake ba, Goggo. Maganarsa tana sama."

"Sama ina? Ni za ka gaya wa sama? Da uwarka ta kwanta ciwo, wa ya riƙa wanke maka wandon fitsari in ba tsohuwar nan da ke kwance ba?"

Yaransa suka kau da kai suna danne dariya. Wata mota ta iso da akwatuna a samanta, nan take aka ɗaga mata ƙarfe.

"Waɗannan fa?"

"Masu Umara ne, jirginsu na la'asar."

"Madalla! Gefe guda ana zuwa ɗakin Allah, gefe guda ana rufe bayinsa."

Ta tofar da yawu, ta juya.

Hanyar gida gefen wayar shingen sansanin ta bi, Galiya tana tafe tana zagi ƙasa-ƙasa. Duk abin da ke bayan wayar nan ta san labarinsa daga bakin maƙwabciyarta Inna Hadduja. Gonar dabinon mahaifin Hadduja ce Italiyawa suka sare suka shimfiɗa titin jirgi, tana yarinya tana kallo. Amurkawa suka gaje su, mijinta ya ƙare ƙuruciyarsa yana goge musu riguna. Da suka tafi aka yi guɗa a duk Libiya, aka ce wuri ya dawo hannun 'yan ƙasa, Miftah ya shiga soja ya zama makanikin jirage. Da gwamnati ta faɗi, samarin unguwa suka ɗauki bindiga suka mamaye sansanin. Rabi suka bar wa jiragen fasinja, rumfar gyaran jiragen da Miftah ya tsufa yana aiki a ciki kuwa suka yanka ta ɗaki-ɗaki, suka jefa shi a ɗaya, wai shi ne ya gyara jiragen da suka yi wa mutane ruwan wuta. Shekaru ke nan, ko alƙali bai gani ba.

Ta tarar da Inna Hadduja yadda ta bar ta, kwance a katifa a ƙasa, matan unguwa zagaye da ita, asidar garin alkama da aka dama mata ta sandare a kwano. Idanun sun daɗe da dushewa, yanzu hankalin ma ya fara yawo. Wani jirgi ya tashi, tagogi suka kaɗa.

"Sun zo saran dabinon?" in ji tsohuwa.

"A'a, Inna, kwanta."

"Miftah bai taso daga aiki ba? Ku ajiye masa shayi."

Galiya ta fita tsakar gida don kada a ji abin da zai fito daga bakinta.

Bayan la'asar aka yi sallama. Milad ne, shi kaɗai, ba bindiga, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa.

"Goggo, wallahi na yi waya har wurin manya. Sun hana. Na ce gara in zo in faɗa miki da bakina."

"Ka faɗa mata ita. Shiga! Cire takalman nan, ba sansani ba ne."

Ta tura ƙeyarsa har gaban katifa. Ya durƙusa, bai kai ga buɗe baki ba tsohuwa ta ɗaga hanci. Warin man jirgi ne a kakinsa, irin wanda ke kama tufafin duk mai wuni a wurin. Ta laluba ta cafke hannunsa.

"Miftah? Ka taso?"

Milad ya ɗago ya dubi Galiya. Ita kuwa ji ta yi kamar ta fizge hannun nan ta karya shi. Ta dubi fuskar Inna Hadduja, wadda rabonta da sakewa haka tun ranar da aka tafi da ɗanta. Ta sunkuya daidai kunnensa.

"Ka amsa, la'ananne."

"Na'am, Inna," in ji shi.

"Ka rame. Ba sa ba ka abinci a can ne?"

"Suna ba ni."

"To. Allah ya yi maka albarka, ɗana. Allah ya tsare ka daga hannun azzalumai. Na yafe maka duniya da lahira."

Matan suka ce amin a ciki-ciki. Galiya ba ta ce ba. Ta tsaya ta harɗe hannu tana kallon albarkar da aka tanadar wa Miftah tana sauka a kan mai tsaron ƙofarsa. Tsohuwa ba ta saki hannun ba. Wata ta matso tana laƙƙana mata kalmar shahada, ta bi a hankali, numfashin ya yi ta nisa har ya tsaya. Sai da aka ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya kafin Milad ya samu hannunsa.

A tsakar gida ya tsaya yana sharar hawaye da hula.

"Goggo, kayan makoki duka a kaina. Rumfa, raguna, shinkafa..."

"Ko ƙwayar shinkafarka ta shigo gidan nan sai na watsa maka ita a titi. Ba naka ba ne abin da ka karɓa yau. Ka koma ka buɗe ƙofarsa, ka zauna a gabansa, ka maimaita masa abin da ta ce, kalma-kalma. Kada ka aiki kowa. Kai za ka gaya masa uwarsa ta mutu, kuma hannun wa ta riƙe."

"Goggo, ba zan iya kallon..."

"Ka iya kulle shi ai. Fita."

Ya fita da takalmansa a hannu.

Mata suka ɗora ruwan wanka, aka aika masallaci. Galiya ta hau soro neman abin da za a lulluɓe gawa kafin a kawo likkafani. Shanyar jiya tana nan a igiya, zanen Inna Hadduja mai ratsin ja da ɗankwalinta, iskar teku na kaɗa su. Ta sauke zanen ta ninke shi a ƙirjinta. Har yanzu da ɗumin rana a jikinsa.