Tsawon Yasin Direba

Sun kawo shi har bakin ƙofar motar, ɗansa Marwan ya tallafo kafaɗu, Lawwali tela maƙwabcinsa yana riƙe da ƙafafu, sai Malam Yasin ya miƙa hannu ya damƙe saman ƙofar ya ƙi saki.

"Baba, sunkuyar da kai kaɗan," in ji Marwan. "Kaɗan kawai, sai ka lanƙwashe gwiwa."

"Ku aje ni."

"Baba, rana tana yi."

"Na ce ku aje ni."

Suka mai da shi kan tabarma a inuwar zaure. Kwana uku ke nan cikinsa a kumbure, ba ya ci, ba ya zagayawa, in an ɗan tanƙwara shi sai gumi ya karyo masa. Da safen nan majo, babban ma'aikacin jinya na asibitin Matameye, ya taɓa cikin, ya ja Marwan gefe ya ce sai an yi masa aikin tiyata, a kai shi Damagaram yau, ba gobe ba. Ambilans ɗin kuwa ta fita da mai naƙuda tun da hantsi, ba wanda ya san lokacin dawowarta. Sai suka biyo da shi gida a amalanke don a ɗauki kaya, a sa shi a motar Marwan.

Motar kuwa sabuwa ce fil, da ita Marwan ya tsallako iyaka ta Ɗan Barto da sassafe. Yaron ya fara ne da cin rani a Kano, yanzu yana da shagon kayan gini, kuma ba wanda zai ce bai kyauta ba. Sai dai motar irin ta yanzu ce, gaba a tsuke, rufin ya gangaro ta baya har yana neman taɓa kan mai zama. Lawwali na ganinta ya san abin da maƙwabcinsa zai ce.

Shekara talatin da ɗaya Yasin ya yi yana jan Pijo mai dogon baya tsakanin Matameye da Damagaram. Da ido ya yi rauni ya sayar da ita, ya dawo ya kafa zama kan bencin ƙofar shagon Lawwali, ba shi da aiki sai kushe motocin da ke wucewa. Ba wadda ta tsira.

"Dubi wannan, Tela. Ido a tsuke, baki a wage, wa ya ɓata mata rai? Ga taga 'yar mitsitsiya, an kuma shafa mata baƙi. Ka ɗaga hannu ka gaida mota, ba ka san wa ka gaida ba. Dā daga nesa za ka ce ga motar wane. Yanzu duk uwarsu ɗaya."

Wata sallah Marwan ya zauna ya yi masa bayani a natse, ya ce gangaren rufin don iska ne, mota ta rage shan mai, ƙananan tagogi kuma don ƙarfe ya yi yawa in an yi hatsari. Yasin ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To ashe iska suka yi wa motar, ba mutum ba." Mutanen benci suka yi ta dariya. Lawwali ma ya yi, amma shi ya san inda maganar ta samo tushe, kuma ba wurin dariya ba ne.

Shekarun baya an kawo wani mutumin Icirnawa da ya rasu a hanya daga kudancin Najeriya. A zaune ya cika cikin ƙaramar mota, an matse shi tsakanin mutane da kaya, direba bai tsaya ba sai da ya yi yini guda yana gudu. Ya iso a sandare, gwiwoyi a naɗe. Lawwali ne mai yanka likkafani a unguwar, Yasin yana cikin masu wanka, su biyu suka ga wahalar da aka sha da ruwan ɗumi kafin ƙafafun su ɗan saki, kuma ba su saki duka ba. A hanyar dawowa daga maƙabarta Yasin ya tsaya ya kama hannun rigarsa.

"Tela, na ɗauki marasa lafiya ba adadi, na ɗauki gawa ba adadi, ban taɓa naɗe kowa ba. In tawa ta zo, kada ka bari a naɗe ni a kujera."

Lawwali ya ce ya ji, ya kuma ɗauka. A lokacin abin bai yi masa nauyi ba, don mai maganar lafiyarsa ƙalau, har yana taunar goro.

Yanzu ga shi kwance a zaure, leɓɓansa sun bushe, idonsa bai bar fuskar Lawwali ba. Bai tuna masa da baki ba. Kallon ya isa.

"Kujerun baya suna kwantawa," in ji Marwan. Ya zagaya ya ja wani abu, suka kife. "Ga wuri. Sai mu shimfiɗa katifa."

Lawwali ya leƙa. Ido ya gaya masa wurin bai kai ba, amma tela ba ya yarda da ido. Ya zaro tef ɗin awo daga wuyansa, inda yake rataye kullum har ya manta da shi, ya miƙa daga ƙofar baya zuwa bayan kujerar gaba. Mita ɗaya da santi sittin da biyu. Tsawon Yasin kuwa ya san shi da ka, shekara nawa yana yi masa ɗinki. Duk da haka ruɗewa ta sa ya yi shakkar kansa, ya juya ya durƙusa gefen tabarma, ya ɗora bakin tef a saitin kan mara lafiya ya ja zuwa diddige.

Hafsatu matar Yasin tana fitowa daga cikin gida da ƙunshin kaya. Ta ga mai yanka likkafanin unguwa durƙushe kan mijinta da tef. Ƙunshin ya suɓuce daga hannunta, ta dafa bango ta soma salati, matan da ke bayanta suka ɗauka, kafin ka ce me kuka ya cika soron.

Kunya ta rufe Lawwali har ya rasa inda zai sa hannunsa. Ya dunƙule tef ɗin ya tura aljihu.

"Da ransa, Hafsatu. Wallahi da ransa. Mota nake gwadawa."

"Baba Lawwali," in ji Marwan, muryarsa ƙasa ƙasa, "wannan wane irin abu ne? Ubana yana numfashi kana auna shi?"

"Na yi kuskure, ka yafe ni. Amma wurin bai kai ba. Ya fi shi da kusan taƙi ɗaya da rabi."

"To ya lanƙwashe ƙafa mana. Awa ɗaya da rabi ce. Wa ya taɓa mutuwa don ya lanƙwashe ƙafa?"

"Ba zai shiga ba."

"Mu ɗauke shi da ƙarfi. Gobe ya zage ni, in dai yana da rai."

Maganar yaron gaskiya ce, kuma wannan ne ya fi tsorata Lawwali. Mutum huɗu za su iya cusa tsoho a mota cikin minti biyu. Ƙila ya isa, a yi aikin, ya dawo benci ya ci gaba da zagin motoci. Ƙila kuma ya cika a hanya, a takure, fuska a jikin kujera, ba mai iya kaiwa gare shi ya juya shi. Lawwali bai san wanne ne zai faru ba, ba kuma wanda ya sani.

"Tela," in ji Yasin daga tabarma. Sai da Lawwali ya kai kunne. "Je ka tasha."

Lawwali ya miƙe ya ce wa Marwan, "Ba ni rabin awa."

Rabin awar ta zama awa biyu. A tasha ba Pijo ko ɗaya, sai ƙananan bas da aka cika da kujeru har baya, direbobinsu suka ce kujerun a walde suke. Wani ya ce a gwada akori-kura, amma rana ta take, ba rumfa, ga girgiza. Wani ya tura shi bayan kasuwa, can aka ce ai mai motar ya tafi Yauri. Lawwali yana tafe yana haki, ɗan shekara sittin da biyar, takalmi yana fita yana komawa, wayarsa tana ta ƙara a aljihu. Ya san Marwan ne. Sau biyu ya ɗauka, na uku ya kasa. Duk taku sai zuciyarsa ta ce masa kai ne kake kashe shi, kai da alkawarinka.

A bakin fadama ya sami Sani mai rake yana loda wata tsohuwar Pijo mai dogon baya, wadda aka cire wa kujerun baya tun tuni, ƙofa ɗaya da igiya aka ɗaure ta. Lawwali ya faɗi abin da ya kawo shi, numfashi yana yanke masa magana.

"Yasin Direba?" in ji Sani. "Shi ya kai uwata asibiti." Ya juya ya soma fiddo raken yana zubarwa a ƙasa.

An yi azahar kafin su iso ƙofar gida. Marwan yana tsaye jikin motarsa, idonsa ja. Ya dubi Pijon, ya dubi Lawwali.

"Awa biyu, Baba Lawwali. In wani abu ya faru, ka san dai awa biyu ce."

"Na sani."

Ba a tsaya shara sosai ba. Aka jefa katifa kan ɓawon rake, aka zura Yasin ta baya a miƙe, aka rufe ƙofa ba ta taɓa ƙafarsa ba. Lawwali ya shiga ya zauna gefen kansa. Marwan ya ɗauki uwarsa a tasa motar ya biyo su.

Da suka hau kwalta Yasin ya buɗe ido. Tagogin Pijon manya ne, daga kwance yana ganin kan itatuwa suna wucewa.

"Kance ke nan," ya ce bayan wani lokaci. "Na gane gawon nan."

"Ita ce. Yi shiru ka huta."

"Gaya wa yaron nan ya sa giya ta huɗu. Yana wahalar da ita."

Sani, wanda furfura ta fara fito masa a gemu, ya yi 'yar dariya ya canja giya. Lawwali ya so ya yi dariya shi ma, bai iya ba. Hannun Yasin da yake riƙe da shi ya soma sanyi daga yatsu. Ya riƙa leƙen hanya yana lissafin abin da ya rage, yana roƙon Allah a zuci Ya kai su ko da bakin asibitin ne, don kada ya zama shi ne sanadi.

Ba su kai Takeita ba numfashin ya canja. Lawwali ya sha zama gaban masu tafiya, ya san wannan jan. Ya ce Sani ya sauka gefen hanya. Da yake akwai wuri, ya durƙusa sosai, ya sa hannu biyu ya juya abokinsa kan gefen dama, ya kai baki kusa da kunnensa yana faɗin kalmar shahada a hankali, ba tare da ya ce masa ya faɗa ba. A ta uku leɓɓan suka motsa tare da nasa. Ya jira wani numfashin, bai zo ba.

Ya shafe masa ido, ya ɗaure haɓa da rawaninsa, ya miƙar da hannuwa a gefe. Ƙafafun ba su bukaci komai ba.

Ƙofar baya ta ɗaga, haske ya shigo. Marwan ne, bayansa Hafsatu tana zaune a ƙasa gefen kwalta ta rufe fuska da mayafi. Yaron ya daɗe yana kallon ubansa daga kai har ƙafa. Lawwali ya sunkuyar da kai yana jiran maganar awa biyu, ya riga ya shirya ba zai musa ba, don shi kansa bai san amsar ba kuma ya san ba zai taɓa sani ba.

"Ya samu ya faɗa?" in ji Marwan.

"Ya faɗa."

"Ka ji da kunnenka?"

"Na ji."

Marwan ya gyaɗa kai. Bai ce ya yafe ba, bai kuma ce bai yafe ba. Ya je ya ɗago uwarsa ya zaunar da ita a gaba kusa da Sani, ya kulle motarsa ya bar ta nan gefen hanya. Sannan ya tuɓe takalmi ya hau bayan Pijon ya zauna wajen ƙafafun.

Sani ya juya kan mota zuwa gida, a hankali, ba ya ko taɓa ƙaho. Wani ɓawon rake ya manne a diddigen mamacin, wani a tsakanin yatsu. Marwan ya ɗora ƙafafun kan cinyarsa, yana cire su ɗaya bayan ɗaya yana tarawa a tafin hannunsa.