Yatsu Huɗu Daga Ƙasa

Tun ranar da Idirisu ya ga jar motar nan a wurin wani dillali a Kano, hankalinsa bai sake dawowa jikinsa ba. Mota ce mai ƙofa biyu da kujera biyu, ta kwanta luf a ƙasa kamar kyanwar da ta hango ɓera. In aka tayar da ita gurnani take yi, har mutum ya ji a ƙirjinsa. Shekarar Idirisu arba'in da uku, yana da kamfanin kindirmo a Dutse, kuma tunda yake bai taɓa sayen wani abu don marmari kawai ba. Duk abin da ya mallaka na aiki ne: a-kori-kura biyu, injin sanyaya madara, da tsohuwar motar kai yara makaranta. Wannan karon ya ce ko duniya za ta yi masa dariya sai ya biya wa ransa bukata.

Sai dai a gidansu akwai al'ada. Duk abin da mutum ya saya mai tafiya, ko da ƙafa ko da taya, ba ya kwana a gidansa sai Dada ta ɗora masa hannu ta sa albarka. Dada ita ce mahaifiyarsa, tsohuwa ce da ta doshi saba'in, tana zaune a rugarsu can bayan Kiyawa. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka irin kunyar nan ta Fulani ta hana ta kiran sunansa, ta hana ta ma yi masa magana kai tsaye. In tana son faɗa masa abu, wani take duba ta ce, "A gaya wa wancan." Ranar da ya gama jami'a ba ta ce komai ba. Ranar da ya buɗe kamfani ma haka. Amma da ya kawo karsanarsa ta farko, ta ɗora tafinta a doron dabbar ta daɗe ba ta ɗauke ba, a nan ya gane inda take ajiye duk abin da bakinta ba zai faɗa ba. Wannan ɗora hannun shi ne kaɗai yabon da yake samu a wurinta, kuma yana ƙwadayinsa fiye da yadda zai yarda a gaban mutane.

Da yake bai san kan irin wannan mota ba, sai ya nufi maƙwabcinsa Baba Gana. Baba Gana Babarbare ne daga wajen Haɗeja, ya yi shekara talatin da biyar yana tuƙa manyan ma'aikatan gwamnati, ya ajiye aiki bai taɓa ko goge bango ba. Idirisu ya je ne da shirin shan faɗa. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙa masa waya da hoton motar, ya sunkuyar da kai.

Tsohon ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Tubarkalla! Kai, wanda ya ƙera wannan ya san abin da yake yi. Yanzu wannan ce za ta faɗa hannun Bafillace?"

"Baba, na zaci za ka ce in haƙura."

"In ce ka haƙura a kan me? Guminka ne. Abu mai kyau ai don a more shi aka yi. Amma ba za ka saye ta kai kaɗai ba, don ku in kuka ga abu ja, shi ke nan, kun zaci saniya ce. Gobe da sassafe mu tafi."

Sun isa Kano dillalin bai gama buɗe wurinsa ba, kuma da gangan Baba Gana ya yi haka. Ya ce mota da safe take faɗin gaskiya, kafin a ɗumama ta a koya mata abin da za ta ce. Ya sa aka tayar da ita tana da sanyi, ya rufe ido, ya karkata kai yana saurare. Ya zagaya baya ya shaƙi hayaƙin. Ya bi gefen ƙofofi da yatsa yana neman inda aka taɓa yin fenti. Ya duba shekarar da aka yi tayoyin, ya sa dillalin ya fito da takardun kwastan ya karanta su layi-layi. Dillalin da ya fara da zuba kamar rediyo, sai ga shi ya yi shiru ya koma gefe yana kallon ikon Allah.

Daga nan tsohon ya tattare farar rigarsa, ya kwanta a ƙasa, ya zura hannu a ƙarƙashin hancin motar. Ya miƙe yana kakkaɓe jiki, ya ɗaga wa Idirisu yatsu huɗu.

"Lafiyarta ƙalau," in ji shi. "Saya. Amma ka riƙe abin da zan gaya maka. Ka nemo bakaniken da ya san irinta tun kafin ta yi ciwo, ba sai ta kwanta ba. Man 'yan bumburutu kada ya shiga cikinta ko da za ka kwana a hanya. Wata guda cur kada ka wuce tamanin, don ƙafarka da a-kori-kura ta saba, wannan kuwa in ka taka ta haka, sai dai a tsinto ka a gonar wani. Kuma duk wanda ya ce ka ara masa ya zaga, ka ce Baba Gana ya hana, ni na ɗauki baƙin jinin."

Idirisu yana ta gyaɗa kai, bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Saura ɗaya. Tsakaninta da ƙasa yatsu huɗu ne. Ka auna hanyar gidanku?"

Nan take murnarsa ta koma ciki. Wallahi ko sau ɗaya bai kawo wannan a ransa ba. Daga kwalta zuwa rugarsu kilomita bakwai ne, hanya ce ta amalanke da babur, tsakiyarta ta yi doro, gefenta ya zurma.

Washegari suka hau babur su biyu suka bi hanyar. Baba Gana ya yanki kara daidai yatsu huɗu ya sa a aljihu. Duk inda ya ga tudu ko rami sai ya ce a tsaya, ya sauka, ya gwada karan, ya yi magana shi kaɗai. Wani wuri ya ce a bi ta hagu, wani wuri ya ce sai an shimfiɗa katako, wani wuri ya ce a kawo fartanya a sassabe doron. Wuri goma sha bakwai suka ƙirga, kowanne ya samo masa dabara. Idirisu ya fara samun natsuwa, har suka iso rafin da ke gab da ruga. Bazara ce, babu ruwa, sai yashi mai zurfi da gangara ta kowane ɓangare. Tsohon ya tsaya a bakin gangaren, bai ma fito da karan ba.

"Nan kam babu dabara," in ji shi.

Daga rafin ana hango bukkokin rugar, tafiyar minti goma ce ga mai lafiya. Amma Dada shekara uku ke nan gwiwoyinta ba su bar ta ta ƙetare wannan rafi ba.

Idirisu ya ce a hankali, "Ko in nuna mata hoton a waya, ta taɓa?"

Baba Gana ya juyo ya zuba masa ido har sai da ya ji kunya. "Hoto? Karsanarka ta farko hotonta ka kawo mata? Ka ga, ɗana, ni mota na sani, ita kuma na kawo ta iyakar inda za ta iya zuwa. Abin da ya rage tsakaninka da tsohuwarka ne. Je ka faɗa mata gaskiya."

Ya ƙetara da ƙafa. Ya sami Dada a inuwar bukka, ƙanwarsa Suwaiba tana kusa da ita tana wanke ƙwarya. Ya tsuguna nesa kaɗan, ya dubi Suwaiba ya yi bayani: zai sayi mota, ba ta ɗaukar kaya, ba ta ɗaukar iyali, sha'awa ce kawai, kuma ba za ta iya ƙetare rafi ba. Ya ce in Dada ba ta so, zai bar ta. Yana faɗa yana jin kansa kamar ɗan shekara goma. Dada ba ta ɗago ba. Ta gama jan carbinta, ta ce wa Suwaiba, "A tambayi wancan, ran yaushe?" Ya ce Asabar. Iyakar abin da aka ce ke nan, ya tashi bai san ko an yarda ko an ƙi ba.

Ran Asabar da hantsi suka taso da motar daga Kano, Baba Gana a gefensa. Katakai biyun da za a riƙa shimfiɗawa a hanya ba su sami wuri a cikinta ba, sai a adaidaita sahu aka ɗora su daga Kiyawa. A kan kwalta Idirisu ya ɗan taɓa totur da ɗan yatsan ƙafa, motar ta zabura, bayansa ya manne da kujera, ya yi salati da ƙarfi. Tsohon ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Ka ji ta ko? A hankali, lallaɓa ta ake yi." Ya koya masa yadda ake hawa tudun rage gudu a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya. A duk garin da suka ratsa sai mutane sun bar abin da suke yi sun bi ta da kallo, masu babur suna ɗaga hannu suna cewa Allah ya sa alheri.

Da suka sauka daga kwalta kuwa, sai abin ya zama abin dariya. Motar da aka ƙera don ta tsere wa iska, ga ta tana rarrafe, awaki suna wuce ta. Baba Gana ya fita yana tafe da baya a gabanta, yana nuni da hannu biyu, a shimfiɗa katako, a ɗauke, a kai gaba. Kilomita bakwai suka ci awa biyu da rabi, amma ko sau ɗaya cikinta bai taɓa ƙasa ba.

Suka tsaya a bakin rafi. Babu kowa. Idirisu ya fito ya tsaya yana kallon bukkoki, zuciyarsa ta yi nauyi. Ya riga ya yanke a ransa cewa in ba ta zo ba, motar ba za ta kwana a gidansa ba, Kano zai mayar da ita ko nawa za a rage masa.

Sai ga mutum biyu sun fito daga cikin ruga. Suwaiba ce, da Dada riƙe da kafaɗarta, ɗaya hannun da sanda. An kawo mata amalanke ta ƙi hawa, ta ce ba a zuwa ganin dabba a zaune. Taku biyar ta tsaya, taku biyar ta tsaya. Idirisu ya yunƙura zai je ya taro ta, Baba Gana ya riƙe masa hannu ya ce, "Bar ta. Ita ta san abin da take yi." Haka ya tsaya yana kallon mahaifiyarsa tana ratsa yashin nan da ya gagari motarsa, idonsa ya cika da ƙwalla.

Da ta iso ta huta, ta zagaya motar sau ɗaya, tana duban ƙafafunta da bayanta kamar yadda take yi wa saniya a kasuwa. Sannan ta ɗora tafinta a kan bonet, duk da zafinsa, ta yi addu'a a hankali. Ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Ta dubi Baba Gana. "Babarbare, kai ka zaɓa masa?"

"Ni ne, Dada. In an bar ku ai da kun sayo gurguwa."

"Ka iya zaɓe," ta ce. Ta leƙa ciki. "Kujera biyu ce. Ɗayar ta wace ce?"

Ta miƙa wa Suwaiba sandarta. Baba Gana ya yi maza ya buɗe ƙofa, ya nuna mata ta fara zama tukuna, sannan a ɗaga ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ya ja mata bel ya ɗaura. Ta ce a gaya wa wancan ta ji an ce abin yana gudu, tana so ta gani.

Sai da aka sake shan awa biyu da rabi kafin a kai kwalta, tana zaune tsaf. A bakin titi Baba Gana da Suwaiba suka tsaya a ƙarƙashin wata tsamiya, suka bar su. Karo na farko ke nan tun yana yaro da Idirisu ya zauna da mahaifiyarsa su biyu, babu na ukun da za a aika da magana.

La'asar ta yi, titin babu kowa, ya miƙe sambal. Ya kai sittin, ya kai saba'in, ya tsaya a tamanin daidai kamar yadda aka umarce shi. Gonaki suna wucewa, iska tana kaɗa bakin mayafinta. Ya saci kallonta ya ga ta riƙe ƙofa da hannu ɗaya, idonta a kan hanya, tana murmushi.

Can ta juyo, ta dube shi a ido.

"Kai," ta ce, "iyakar gudunta ke nan?"

Sitiyarin ya kusa kuɓuce masa. Ya ce, "A'a, Dada. Baba Gana ne ya ce kada in wuce haka sai na yi wata guda."

Ta mayar da ido kan titi.

"To, ka bi maganarsa," ta ce. "In watan ya cika ka zo ka ɗauke ni."