Ƙananan Motoci Tukuna

Marin farko bai gama shiga kunnen Akawu ba sai ga na biyu. Direban tirelar, wani ƙato da ake kira Garwashi, ya ci kwalarsa ya maka shi da tebur.

"Kwana uku ina gasuwa a bakin ƙofar nan, kana ta loda wa 'yan ƙananan motoci siminti! Uban wa ya tsara layin?"

"Maigida, wallahi kwamfuta ce!"

Ba ƙarya ya yi ba, sai dai shi ya koya mata. Da furfurarsa ya shiga ajin koyon rubuta manhaja na ranar Asabar, inda malamar ta nuna musu abin da ta kira dabarar haɗama: a kowane mataki ka cafke abin da ya fi sauƙi yanzu, kar ka damu da gaba. Akawu sarkin zumuɗi bai tsaya kan aikin gida ba. Ya ɗora dabarar kan ma'ajiyar simintin da yake wa aiki, motar da lodinta zai fi saurin ƙarewa ita ce gaba. Layi ya ragu, manaja har da dafa masa kafaɗa. Abin da bai hango ba, ƙananan motoci ba sa ƙarewa.

Garwashi ya naushi fuskar kwamfutar, gilashi ya tarwatse. Akawu ya kai hannu zai ceto ta, sai sifanar taya da Garwashi ya rarumo ta sauka a kan yatsunsa. Ƙas! Ihun da ya yi ne ya jawo leburori, da ƙyar mutum shida suka ɓamɓare ƙaton.

A bencin asibiti hannun ya kumbura suntum, yatsu biyu sun fara baƙi. Tsoro ya kama shi sosai, domin da yatsun nan yake ci da iyalinsa. An kira mai ƙaya a ƙafa, an kira mai ƙurji. Akawu ya miƙe yana layi ya tare nas.

"'Yata, dubi hannun nan, don Allah."

"Baba, yi haƙuri. Naka sai an ɗauki hoto, a nemo likitan ƙashi, aikin awa biyu ne. Bari mu sallami masu sauƙi tukuna, layi ya ragu."

Akawu ya koma kan benci ya zauna.

Ƙofa ta buɗe, ɗan sanda ya turo Garwashi da ankwa, gilashi ya ɗan yanke shi a bayan hannu. Nas ta leƙa ciwon.

"Wannan ai ɗinki biyu ne. Shigo da shi."